Kitse da lokaci: abin da janyewar ƙanƙara ke yi wa ƙananan halittun tekunan Aktik da Antatika

Idan jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara ya kutsa tekun Aktik a watan Afrilu ko Mayu, ɓaraguzan da yake turewa sukan kife, sai a ga ƙasansu ya yi ruwan ƙasa, wani wurin ɗorawa-ɗorawa. Gansakuka ce, irin mai ƙwayar halitta guda da ido ba ya gani sai ta taru da yawa, galibinta daga dangin da masana ke kira dayatom. Mazauninta 'yan santimitocin ƙarshe na ƙanƙarar, cikin siraran hanyoyin ruwan gishiri da suka ratsa ta. Da zarar rana ta dawo bayan watannin duhu, ɗan hasken da ya keta dusar ƙanƙara ya isa can ƙasa ya ishe ta ta soma yaɗuwa, makonni kafin ruwan tekun kansa ya fitar da komai. Ita ce abincin farko na shekara a wannan teku.

Masu jiranta su ne ƙananan dabbobin da ba su da ƙarfin yi wa igiyar ruwa gardama, inda ta nufa can za su. Masana sun haɗa su a suna guda, zufalankton. A cikinsu akwai kofefod, 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande masu tsawon 'yan milimitoci. Akwai kiril, shi ma mai kama da jatan lande, da ya fi su girma, akwai ƙananan dodon koɗi masu iyo da fikafikai, akwai kuma masu jiki garai-garai mai yauƙi. Su ke cin gansakuka, su kuma kifi da tsuntsaye da manyan dabbobin teku da ake kira wel ke ci. Farin beyar yana cin dabbar ruwa mai shayarwa da ake kira sil, sil na cin ƙaramin kifin kod na Aktik, kifin na cin kofefod. Kusan duk kitsen da ke jikin beyar ta jikin waɗannan 'yan ƙanana ya fara biyowa.

Tun 1979 taurarin ɗan adam ke auna faɗin ƙanƙarar tekun Aktik ba fashi. A watan Satumba, lokacin da takan kai ƙarshen narkewarta, faɗin yana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A Satumbar 2012 ya sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, kusan rabin abin da aka saba gani a farkon awon. Kaurinta ma ya ragu. A 1985 kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar ƙarshen hunturu tsohuwa ce da ta haura shekara huɗu, yanzu irin wannan ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wani nazari da masana a Finland suka fitar a 2022 ya nuna yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya gaba ɗaya.

Mai hankali zai iya cewa to ai gaba ta kai su. Ƙanƙara ta janye, haske ya ƙaru, gansakukar da ke yawo cikin ruwa ta samu sarari, abinci ya yawaita. Kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Masana a Jami'ar Stanford sun lissafa cewa abin da gansakukar ruwa ke samarwa a tekun Aktik ya ƙaru da kashi 57 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018. A 2011 ma wata tawagar hukumar NASA ta tarar da ita ta yi kaca-kaca a ƙarƙashin ƙanƙarar tekun Chukchi, inda a da aka ɗauka duhu ba zai bar ta ba, saboda ƙanƙarar ta yi siriri kuma kududdufan da suka taru a kanta suna shigar da haske. Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Tekun ba zai zama wayam ba, wannan kusan kowa ya yarda. Abin tambaya shi ne wa zai zauna a ciki, nawa ne kitsen jikinsa, kuma a wane wata za a same shi a saman ruwa. A kan waɗannan abubuwa biyu, kitse da lokaci, rayuwar dabbobin yankin ta ginu, kuma su ne ƙanƙara ke riƙe da su.

A ɗauki kofefod na dangin Calanus, waɗanda su ne mafi rinjaye a nauyin zufalankton na arewa. Iri uku ne suka fi muhimmanci. Calanus finmarchicus ɗan tekun Atlantika ne, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, yana gama rayuwarsa a shekara guda. Calanus glacialis ya fi shi girma, yana zaune a gefe-gefen tekun Aktik inda ruwa ba shi da zurfi sosai kuma ƙanƙara kan rufe ta buɗe. Babbansu Calanus hyperboreus, mai kaiwa milimita 7 ko fiye, shi ke riƙe da tsakiyar teku mai zurfi, kuma yakan ɗauki shekara uku ko huɗu kafin ya balaga. Dukkansu dabararsu ɗaya. A ɗan gajeren lokacin da abinci ke samuwa, su ci iya cinsu, su mayar da shi mai, su tara a wata jaka da ake hangowa ta cikin jikinsu. Man yakan wuce rabin nauyin dabbar idan an busar da ita. Daga nan sai su nutse, hyperboreus har mita 500 zuwa sama da 1,000, su rage numfashi da motsi, su kwanta fiye da rabin shekara ba ci. Wannan mai, wanda ke ɗauke da sinadarin omega-3 da dayatom ke haɗawa, shi ne abin da duk wani mai rai a saman su ke nema. An daɗe ana kiyasta cewa balagaggen glacialis yana ɗauke da kusan ninki goma na man finmarchicus, hyperboreus kuma ya fi ninki ashirin.

Rayuwar glacialis ce ta fi nuna yadda lokaci ke aiki. Janne Søreide da abokan aikinta na cibiyar jami'a da ke Longyearbyen sun bi ta a mashigin Rijpfjorden, arewacin tsibiran Svalbard na Norway, a shekarar 2007. Sun ga abinci yana zuwa sau biyu. A ƙarshen Afrilu gansakukar ƙanƙara ta kai ganiyarta, matan glacialis suka hauro daga zurfi suka ci, da ita suka samu ƙarfin yin ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan ba sa iya cin komai a matakansu na farko, kuma a ruwa mai wannan sanyi girma yana tafiya a hankali. Sai bayan kusan wata biyu, a farkon Yuli, ƙanƙara ta farfashe, gansakukar ruwa ta ɓarke, daidai lokacin da 'ya'yan suka isa cin abinci. Uwa ta ci na farko, ɗa ya ci na biyu.

Matsalar ita ce abin da ke kiran waɗannan abinci biyu ba ɗaya ba ne. Na farko dawowar rana yake bi, ita kuwa rana ba ta sauya ranar dawowarta. Na biyu fashewar ƙanƙara yake bi, ita ce kuma ke matsowa gaba shekara bayan shekara. Idan tazarar ta tsuke, gansakukar ruwa za ta zo ta wuce, ta nutse ƙasan teku, 'ya'yan ba su riga sun buɗe baki ba. Manomin gero ya san irin wannan asara: ruwan farko ya sauka da wuri ya yi shuka, sai ruwa ya ɗauke makonni uku tsiron ya ƙone. Jimillar ruwan shekarar na iya fin na bara, shukarsa dai ta riga ta tafi. Shi ya sa ƙaruwar kashi 57 ɗin nan ba ta kwantar mini da hankali.

Bayan lokaci, akwai batun baƙi. Ruwan Atlantika mai ɗumi da gishiri yana shiga Aktik ta ƙofofi biyu, mashigin Fram tsakanin Girinland da Svalbard, da kuma tekun Barents. A shekarun baya-bayan nan ruwan da ke shiga ya ƙara ɗumi, kuma siririn ruwan sanyi maras gishiri sosai da ke raba shi da ƙanƙara ya yi rauni. Tekun Barents ne ya fi ko'ina asarar ƙanƙarar hunturu. Ruwan ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana ɗauke da finmarchicus da kiril na kudu, bayansu kuma kifayen da ke cin su. Binciken haɗin gwiwa na Norway da Rasha ya nuna tsakanin 2004 da 2012 kifayen kudu, irin su babban kod, sun mamaye arewacin Barents, sun tura kifayen Aktik can lungun arewa maso gabas.

Wanda wannan sauyi ya fi shafa kai tsaye wani ƙaramin tsuntsun teku ne baƙi da fari, Alle alle a sunan kimiyya, mai nauyin giram 150 zuwa 200. Miliyoyinsa ne ke sheƙa cikin duwatsun Svalbard da arewa maso yammacin Girinland. Yana nutso ya tsinci kofefod, dubun-dubata a yini, ya cika wata jaka da ke ƙarƙashin bakinsa ya kai wa ɗansa guda ɗaya tilo. Glacialis yake so, domin nutso ɗaya a cikinsu ya fi nutso da yawa a cikin finmarchicus. A yammacin Svalbard, a shekarun da ruwan Atlantika ya rinjaya, an ga iyayen suna tafiya nesa kuma suna yawaita nutso. A tsibiran Franz Josef na Rasha kuwa, inda ƙanƙarar bazara ta janye, masana sun tarar da su a 2013 sun koma kiwo a bakin manyan ƙanƙarar tudu da ke zubowa teku, inda ruwan narkewa maras gishiri ke sumar da kofefod ya sauƙaƙa kamu. 'Ya'yan sun girma yadda ya kamata, iyayen ne suka rame da kimanin kashi 4 cikin 100 idan aka gwada da shekarun 1990. Tsuntsun ya nemo mafita, amma mafitar ta dogara da ƙanƙarar tudu da ita ma ke ja da baya. Kuma ba tsuntsu kaɗai abin ya shafa ba. Mutanen Inughuit na yankin Qaanaaq a arewacin Girinland suna kama shi da raga mai dogon sanda, su cusa ɗaruruwa cikin fatar sil su binne a duwatsu watanni, abincin hunturunsu da suke kira kiviaq.

Ba duka masana suka yarda cewa musayar babban kofefod da ƙarami asara ce ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Paul Renaud da abokan aikinsa a Tromsø sun nuna a 2018 cewa yawan mai girman jiki yake bi, ba sunan iri ba. Gwajin ƙwayoyin gado ya kuma tona cewa an sha rikita ƙaramin glacialis da babban finmarchicus a ƙididdigar baya. A ganinsu, ƙananan da ke hayayyafa da sauri za su iya tura mai da yawa zuwa sama a shekara, ko da kowane ɗaya bai kai na da ba. Ina ganin wannan gaskiya ne ga masu buɗe baki su tace ruwa, da kifayen da ke yawo a garke. Ga mai tsinta ɗaya-ɗaya kuma yana tashi kilomitoci ya kai wa ɗa, girman kowace loma shi ne komai. Sannan finmarchicus da ruwa ke kai wa tsakiyar tekun Aktik ba ya iya kafa zuri'a a can, sanyi da gajartar lokacin abinci sun fi ƙarfinsa. Idan hyperboreus ya raunana a wannan yanki, babu wanda ke tsaye a shirye ya gaje shi.

Abu na uku da ƙanƙara ke yi shi ne tare haske, kuma nan ne binciken ya fi ba ni mamaki. A duk tekunan duniya zufalankton kan hau sama da dare su ci abinci, su nutse da asuba don kada kifi ya gan su. An daɗe ana zaton a daren Aktik mai watanni wannan kai-komo yana tsayawa. Kim Last na cibiyar nazarin teku ta Scotland da abokansa sun duba bayanan na'urorin da ke aika sauti cikin ruwa su saurari dawowarsa, suka wallafa a 2016 cewa a tsakiyar hunturu dabbobin suna komawa bin farin wata. Hawa da saukarsu kan koma zagayen awa 24.8, wato yinin wata, kuma duk ranar da wata ya cika sukan nutse tare zuwa kusan mita 50. Ƙarfin ganinsu ya kai haka. Wani binciken ma ya nuna fitilun jirgin masu binciken kansu na tarwatsa su har zurfin mita 200, abin da ke nufin wasu ƙididdigar da aka yi da dare a baya sai an sake duba su.

A Satumbar 2019 jirgin Jamus Polarstern ya tashi daga Tromsø, aka bar shi ya daskare cikin ƙanƙara ya bi ta kusan shekara guda, a shirin da aka kira MOSAiC. Da za su bar wurin a ƙarshen shirin, tawagar Hauke Flores ta Cibiyar Alfred Wegener ta dasa wata na'ura a ƙanƙarar, ta ci gaba da auna haske da motsin dabbobin ba kowa a wurin. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna akwai wani ma'aunin haske, ƙanƙani ƙwarai, wanda zufalankton ba sa yarda su haura shi. Sai haske ya faɗi ƙasa da shi a kaka suke hawowa dab da ƙanƙara, da ya wuce shi a bazara sai su sauka. Ƙanƙara ta yi siriri, ta makara wajen daskarewa, hasken zai daɗe yana shiga. Lissafinsu ya nuna nan gaba dabbobin za su iya ƙara kusan wata guda a zurfi, nesa da ragowar gansakukar da ke manne da ƙanƙara. 'Ya'yan kifin kod na Aktik kuma, da ke fakewa a ƙarƙashin ƙanƙarar suna jiran su hauro, su ma wata guda ne na yunwa. Haske yana da wata illar: kifi da ido yake farauta, babban kofefod mai jakar mai ya fi saurin ganuwa. Duhun ƙarƙashin ƙanƙara ne ya ba hyperboreus damar yin shekara huɗu yana girma ba a cinye shi ba.

Tekun Bering, tsakanin Alaska da Rasha, ya riga ya nuna abin a aikace. Daga 2001 zuwa 2005 an yi shekarun ɗumi a jere, ƙanƙara ta janye da wuri, manyan kofefod da kiril suka yi ƙaranci. 'Ya'yan kifin folok suka shiga hunturunsu na farko ba kitse, da yawa ba su fita ba. Bayan 'yan shekaru abin ya iso ga masunta: adadin da aka yarda a kama, wanda ya kusa tan miliyan 1.5 a 2006, ya sauka zuwa tan 815,000 a 2009. Da shekarun sanyi suka dawo, manyan kofefod suka dawo, kifin ma ya farfaɗo. A hunturun 2018 da 2019 ƙanƙarar Bering ta yi ƙarancin da ba a taɓa auna irinsa ba, ƙananan kofefod suka sake rinjaye, mutanen ƙauyukan gaɓar Alaska suka riƙa tsintar matattun tsuntsayen teku a ramme.

Mu ma ba mu rasa alaƙa da wannan ruwa ba. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu, taitus da shawa, mai yawa daga cikinsa daga arewacin Atlantika ake kamo shi, kuma finmarchicus ne babban abincinsa. Busasshen kifin Norway da 'yan kudu ke kira okporoko ko panla, wanda Najeriya ke cikin manyan masu sayensa, kod ne da danginsa, 'ya'yan kod ɗin tsibiran Lofoten na Norway kuma da 'ya'yan wannan kofefod suke buɗe baki. Taitus ya bi ɗumi da abinci ya kai Iceland da Girinland, a 2013 har an kama shi a Svalbard, kuma ƙaurar tasa ta jawo rigimar rabon kamu tsakanin ƙasashen yankin da ta ɗauki shekaru.

Kudu labarinta daban. Aktik teku ne da ƙasa ta kewaye, Antatika ƙasa ce da teku ya kewaye, ƙanƙarar tekunta kuma galibi ta shekara guda ce: takan kai murabba'in kilomita miliyan 18 ko fiye a Satumba, ta narke zuwa kusan miliyan 3 a Fabrairu. Shekaru da dama jimillarta ba ta ragu ba, ta ma ɗan ƙaru har ta kai ƙololuwa a 2014. Daga 2016 ta juya. A Fabrairun 2023 ta sauka zuwa miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta a tarihin awo, a hunturun shekarar kuma ta kasa kai miliyan 17. Amma yammacin zirin Antatika, hancin nan da ya miƙe ya nufi Kudancin Amurka, tun da daɗewa yake asara. A can lokacin ƙanƙara ya gajarta da kusan wata uku tun 1979, kuma can ne matattarar kiril.

Kiril na Antatika, Euphausia superba, tsawonsa ya kai santimita 6, yana rayuwa shekara biyar zuwa shida, kuma ana kiyasta jimillar nauyinsa da tan miliyan 300 zuwa 500. Wel da sil da fenguwin, tsuntsun nan da ba ya tashi sai iyo, da kifi da sauran tsuntsaye duk a kansa suke. Babba yana da juriya, idan abinci ya yanke yakan rage numfashi, har jikinsa ya motse ya koma ƙarami. Rauninsa yana ƙuruciya. Uwa kan saki dubban ƙwai a Janairu da Fabrairu, su nutse mita ɗaruruwa, wani lokaci fiye da 1,000, su ƙyanƙyashe a can, 'ya'yan su yi ta iyo zuwa sama. Kafin su tara wani kitse hunturu ya riske su, kuma ba za su iya azumin watanni irin na manya ba. Sai su shige ƙarƙashin ƙanƙara, cikin kogunan da ɓaraguzai suka yi inda suka hau juna, suna kankarar abin da ke manne. Bettina Meyer, wadda ta shiga yankin da masu nutso a hunturun 2013, ta gano abincin da ke can ciki bai taka kara ya karya ba, amfanin ƙanƙarar ya fi ƙarfi wajen ba su mafaka daga igiyar ruwa da maharba, abinci mai kyau kuma yana bakin ƙanƙarar inda take farfashewa. Ko ta wace fuska aka duba, ɗan kiril da ya rasa ƙanƙara a hunturunsa na farko yana cikin haɗari.

A 1997 Valerie Loeb da abokanta suka wallafa abin da suka gani shekara da shekaru a kewayen tsibirin Elephant. Bayan hunturu mai yalwar ƙanƙara, kiril kan hayayyafa da kyau. Bayan hunturu maras ƙanƙara, sai salf ya cika ruwan. Salf, Salpa thompsoni, halitta ce garai-garai mai siffar bututu, tana zuƙar ruwa ta gaba ta fitar ta baya tana tace abinci. Ba ta buƙatar ƙanƙara, ba ta ma buƙatar miji kafin ta yawaita, guda ɗaya kan fitar da sarƙar 'ya'ya ɗaruruwa. Sama da kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Wasu kifaye da tsuntsaye suna cin ta, amma ba da ita wel zai tara kitsen tafiyar dubban kilomitoci ba. Masu bincike a tashar Palmer ta Amurka, da ke tsibirin Anvers, sun ƙara gano cewa kiril ba ya samun zuri'a mai ƙarfi kowace shekara, sai kusan sau ɗaya a shekara huɗu zuwa shida. A haɗa wannan da tsawon rayuwarsa, za a ga idan shekarar albarka ɗaya ta kuɓuce, iyayen na iya ƙarewa kafin wata ta zo.

Shin kiril ya ragu? A nan masana sun rabu, kuma ya kamata a faɗa. Angus Atkinson da abokansa sun tattara bayanan kamun raga tun daga binciken Discovery na Birtaniya a shekarun 1920. A 2004 suka ce kiril ya ragu ƙwarai a kudu maso yammacin Atlantika tun shekarun 1970, salf kuma ya ƙaru. A 2019 suka ƙara da cewa cibiyar tarinsa ta matsa kudu da kusan kilomita 440 cikin shekara 90. Martin Cox da wasu masana na Ostareliya sun sake lissafi da bayanan nan dai a 2018, suka ce ba su ga raguwar da za a tabbatar ba. Wahalar ita ce kiril a dunƙule yake tafiya, raga ɗaya ta cika maƙil, ta kusa da ita ta fito wayam, ga kuma ragunan da suka bambanta daga zamani zuwa zamani. Fenguwin irin Adélie da ke kewayen Palmer, waɗanda suka kai kusan ma'aurata 15,000 a shekarun 1970, sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, irin gentoo da ba ya son ƙanƙara ya zo ya zauna. Amma ko a nan ba kiril kaɗai ba ne dalili, dusar ƙanƙara da ta ƙaru tana narkewa ta cinye sheƙunansu, ga kuma wel da suka farfaɗo bayan hana farautarsu suna neman nasu rabon.

Akwai wani aiki da waɗannan dabbobi ke yi wa kowa da kowa. Kashin kiril yana da nauyi, yana nutsewa da sauri ɗauke da kabon da gansakuka ta zuƙo daga iska, wato sinadarin hayaƙin da ke ɗumama duniya. Kofefod da ke kwana a zurfi kuma can yake ƙona mansa, kabon ɗin ya zauna ƙasa shekaru masu yawa. Wani nazari na 2015 ya nuna abin da finmarchicus kaɗai ke saukarwa ta wannan hanya a arewacin Atlantika ya yi daidai da abin da ke nutsewa ta matattun gansakuka da tarkace. Ƙananan kofefod da ba sa nutsewa zurfi ba sa yin wannan aiki.

Ƙanƙarar da ta riga ta narke ba za a dawo da ita da wata yarjejeniya ta shekara guda ba, wannan sai an rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da ke hannun mutane yau shi ne kamu. A arewa an yi abin kirki: ƙasashe tara da Tarayyar Turai sun sa hannu a Ilulissat na Girinland a 2018 cewa ba za a yi kamun kifin kasuwanci a tsakiyar tekun Aktik ba, yarjejeniyar ta fara aiki a 2021, za ta kai 2037. Sun hana kafin a fara. A kudu kuwa ana kama kiril ɗin kansa, jiragen Norway a gaba, sai na Sin da Koriya ta Kudu da wasu, a mayar da shi abincin kifin kiwo da ƙwayoyin omega-3. Hukumar CCAMLR mai kula da halittun tekun Antatika, mai mazauni a Hobart na Ostareliya, wadda aka kafa a 1982, ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin kudu maso yammacin Atlantika. Masu kamun suna cewa wannan kusan kashi 1 ne cikin 100 na kiril ɗin yankin, kuma lissafin daidai ne. Sai dai jiragen ba sa bazuwa cikin teku, suna taruwa ne a mashigin Bransfield da kewayen tsibiran South Orkney, daidai inda fenguwin da sil da wel ke kiwo, kuma janyewar ƙanƙara ta buɗe musu wuraren da a da suke rufe da hunturu. A da akwai dokar da ta tilasta a rarraba kamun, ta hana a ɗebi fiye da kashi 25 cikin 100 a kewayen zirin. A taron Oktoban 2024 an kasa sabunta ta. A 2025, karo na farko, jiragen suka cike tan 620,000 har aka rufe kamun a farkon Agusta, watanni kafin ƙarshen kakar.

A ganina maido da dokar rarrabawar nan shi ne mafi ƙarancin abin da ya wajaba, kuma bai kamata a yi maganar ƙara adadi ba alhali masana ba su ma daidaita kan ko dabbar tana raguwa ba. Ajantina da Chile sun gabatar da shawarar keɓe wani yanki na ruwan zirin Antatika tun 2018. Hukumar ba ta zartar da komai sai duk mambobinta sun amince, Sin da Rasha kuma sun ƙi amincewa da sabbin wuraren keɓewa shekara bayan shekara.